Camillo Golgi: Likitan Italiya da aka yi shekara 56 ana musun abin da ya gani a cikin ƙwayar halitta

Duk wanda ya zauna ajin kimiyyar halittu a lise, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Yamai, ya taɓa zana ƙwayar halitta a littafinsa, ya sa mata wani abu mai kama da faya-fayan da aka jera ɗaya bisa ɗaya, ya rubuta Golgi a gefe. Yawancin ɗalibai sukan haddace sunan ne don jarrabawa, su wuce. Mai sunan kuwa, Camillo Golgi, wanda ake furtawa Golji, likita ne ɗan ƙasar Italiya da ya mutu ranar 21 ga watan Janairun 1926, yana da shekara 82.

Tarihinsa ya shafe mu ta fuska fiye da ɗaya. Shi ne ya fara bayyana dalilin da ya sa zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da mutum yau, ya sake shi gobe, ya dawo masa jibi. Shi ne kuma ya fara ganin wurin da ƙwayar halitta ke tara kayan da ta ƙera, ta tantance su, ta ɗaure su cikin ƴan jakunkuna, ta aika da su inda ake buƙata. Ta wannan hanya insulin ke bi kafin ya shiga jinin mutum. Sai dai Golgi ya bar duniya da manyan maganganu biyu da ba a kai ƙarshensu ba. Kusan shekara 30 bayan mutuwarsa, na'ura ɗaya ta gaskata shi a kan ɗaya, ta ƙaryata shi a kan ɗayar.

Ɗan likitan ƙauye

An haifi Golgi ranar 7 ga watan Yulin 1843 a Corteno, wani ƙauye da ke cikin duwatsun arewacin Italiya, a yankin Lombardiya. A lokacin yankin na hannun daular Ostiriya, sai a 1859 ya fita daga ƙarƙashinta, aka kuma haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861. Mahaifinsa Alessandro likita ne ɗan asalin birnin Pavia, wanda aiki ya kai ƙauyen. Ɗan ya bi sawun uba. Ya shiga jami'ar Pavia a 1860, ya fito da takardar likita a 1865 yana da shekara 22, ya kama aiki a asibitin San Matteo na birnin.

Malamai biyu ne suka sa shi a hanya. Na farko shi ne Cesare Lombroso, likitan masu taɓin hankali, wanda daga baya ya yi suna da iƙirarin cewa ana iya gane mai laifi daga siffar fuskarsa, iƙirarin da kimiyya ta yi watsi da shi. A wurinsa Golgi ya kamu da son sanin ƙwaƙwalwa, amma yawan hasashen da ke cikin fannin bai kwanta masa ba. Na biyu shi ne Giulio Bizzozero, wanda Golgi ya girme shi da shekara 3, gwani a aiki da madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. A wurinsa ya koyi yanka tsoka siririya, a rina ta, a duba, a zana abin da aka gani.

A wancan zamani masana sun riga sun yarda cewa jikin dabba da na tsiro duk tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da tantanin da ya kewaye ta. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta gagara. Ƙwayoyinta na da rassa dogaye da suka sarƙe da juna, kuma rinin da ake da shi yakan nuna cibiyar ƙwayar ne kawai, sauran ya zama hazo. Babu mai iya bin reshe ɗaya daga tushe har ƙarshensa.

Ɗakin girki ya zama ɗakin bincike

Bincike a jami'a ba ya kawo albashin kirki, mahaifinsa kuma ya matsa masa ya nemi aikin da zai riƙe shi. A 1872 Golgi ya karɓi muƙamin babban likita a wani gidan jinyar masu ciwon da ba ya warkewa a garin Abbiategrasso, kusa da Milan. Wurin ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Sai ya kwashi madubinsa da kwalabensa ya jera su a ɗakin girki, yana aiki a nan idan ya gama duba marasa lafiya.

A wannan ɗaki ne, a farkon 1873, ya dace da dabarar da ta sauya ilimin ƙwaƙwalwa. Yakan jiƙa guntun ƙwaƙwalwa na kwanaki cikin sinadarin dikuromat na fotasiyam har ya yi tauri, sannan ya mayar da shi cikin ruwan sinadarin azurfa. Haɗuwar biyun kan haifar da wani baƙin gari da ke cika cikin ƙwayar jijiya tun daga cibiya har bakin rassanta mafi siranta. Sirrin dabarar shi ne ba ta kama kowa. Ƙwayoyi ƙalilan cikin ɗari take rinawa, ta bar sauran fayau. Kamar gonar gero ce da ta yi duhu, a shafa wa kara ɗaya tak baƙi daga saiwa har zangarniya: nan take ido zai raba shi da sauran. Har yau masana ba su gama gano abin da ke sa rinin ya zaɓi wata ƙwaya ya tsallake maƙwabciyarta ba.

Ya buga sakamakon a watan Agustan 1873 a wata mujallar likitoci ta Italiya, ya kira dabarar baƙin rini. Da yake da Italiyanci aka rubuta, kuma a mujallar da ba ta zuwa nesa, an ɗauki fiye da shekara goma kafin duniya ta waiwayo. Jami'ar Pavia dai ta dawo da shi ya koyar, a 1881 kuma ya hau kujerar farfesan ilimin cututtuka. A 1877 ya auri Lina Aletti, ƴar dangin malaminsa Bizzozero. Ba su haihu ba, sai suka riƙi ƴar ɗan'uwansa, Carolina. A waɗannan shekaru ya gano wata ƴar gaɓa a jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwa irin nauyin da tsoka ke ɗauke da shi, ya kuma yi aiki a kan tsarin ƙoda. Sannu a hankali baƙi suka fara zuwa Pavia koyon rinin. Cikinsu har da Fridtjof Nansen na ƙasar Norwe, wanda ya zo a 1886, mutumin da daga baya ya shahara da tafiye-tafiye a yankin ƙanƙara da kuma samar wa ƴan gudun hijira takardar tafiya.

Agogon da ke cikin jinin mai zazzaɓi

Italiyar wancan lokaci ƙasar sauro ce. Sunan cutar ma na maleriya daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa mummunar iska, domin an ɗauka tururin fadama ne ke kawo ta. Dubban mutane take kashewa kowace shekara, kuma Pavia na zagaye da fadamun shinkafa, don haka asibitinta ba ya rabuwa da manoma masu rawar ɗari.

A watan Nuwamban 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga wata halitta na motsi a jinin wani maras lafiya a birnin Constantine na Aljeriya, ya ce ita ce sanadin cutar. Da yawa ba su yarda ba, har da manyan likitocin Italiya da ke ɗora laifin a kan wata bakteriyar ƙasa. Daga 1885 Golgi ya shiga maganar ta hanyar da ya saba. Yakan ɗebi jinin maras lafiya ɗaya sau da yawa a rana, ya duba, ya zana, ya rubuta zafin jikinsa a daidai wannan sa'a.

Ya ga ƙwayar cutar na shiga jar ƙwayar jini, ta ci ta girma, ta rarrabu gida-gida kamar fure, sannan ta fasa gidan, ƴaƴan su watsu su kama sababbin ƙwayoyin jini. Ya kuma lura cewa duk ƙwayoyin cutar da ke jikin mutum tare suke wannan tafiya, kuma lokacin fashewar ne sanyi da zazzaɓi ke rufe maras lafiya. Ya bambanta iri biyu. Ɗaya na kammala zagayenta cikin awa 72, shi ya sa zazzaɓinta kan ba da hutun kwana biyu. Ɗayar kuma awa 48, tana ba da hutun kwana ɗaya. Ya nuna cewa tsananin ciwon na tafiya ne da yawan ƙwayoyin da ke cikin jini, ya kuma ba da shawarar a riƙa ba da kinin ƴan sa'o'i kafin lokacin da ake jiran zazzaɓin, domin maganin ya tarar da ƴaƴan cutar a fili.

Irin da ya fi kisa, falsifarom, wanda shi ne ya fi yawa a Nijar, likitocin birnin Rom ne suka fi aiki a kansa, irin su Marchiafava da Celli da Bignami. Batun sauro kuwa ya zo daga baya: Ronald Ross ɗan Ingila ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, Giovanni Battista Grassi, wanda a Pavia ya yi karatu, ya tabbatar tare da abokan aikinsa cewa sauron anofilis ne ke kai ta jikin ɗan Adam. Italiya ta sa sayar da kinin a hannun gwamnati daga 1900, ta cike fadamu, ta yi feshi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin ƙasar da ta rabu da cutar a 1970. Ma'aikacin da ke ɗiga jini a kan gilashi a asibitocinmu cikin damana, yana ƙirga ƙwayoyin cuta don a san tsananin ciwon yaro, a kan aikin Golgi yake tafiya.

Abin da ya gani a ƙwaƙwalwar mujiya

Bayan maleriya ya koma kan jijiyoyi. Ya ɗan sauya haɗin rininsa, yana duba manyan ƙwayoyin jijiya na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, waɗanda ya ɗebo daga mujiya. Sai ya ga wani abu kamar raga a cikin ƙwayar, kusa da cibiyarta, ware da tantanin waje. A watan Afrilun 1898 ya gabatar da shi gaban ƙungiyar likitocin Pavia, ya ba shi suna mai ma'anar ragar ciki. Bai yi iƙirarin sanin aikinsa ba. Ɗalibansa suka ci gaba da nema, suka same shi a wasu ƙwayoyin da ba na jijiya ba, abin da ya nuna ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da shi ba.

Nan musu ya tashi. Abin ba ya ganuwa sosai a ƙwaya mai rai, sai an kashe ta an jiƙa ta da sinadarai masu ƙarfi. Masu suka suka ce babu wata raga, dattin azurfa ne kawai ke taruwa ya yaudari ido. An yi ta rubuce-rubuce, wasu na tabbatarwa, wasu na ƙaryatawa, har bayan yaƙin duniya na biyu. A 1949 ma wasu fitattun masana biyu a birnin New York, Albert Claude da George Palade, sun buga bincike suna cewa abin ƙirƙirar sinadari ne.

Ɗakin binciken Golgi dai bai tsaya ba. A can ne ɗalibinsa Adelchi Negri ya gano, a 1903, wasu ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwar dabbar da ciwon haukan kare ya kama, waɗanda aka daɗe ana amfani da su wajen tabbatar da cutar.

Rigimar birnin Stockholm

Wanda ya fi kowa cin moriyar baƙin rini ba ɗan Italiya ba ne. Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan Sipaniya da aka haifa a 1852, ya fara ganin rinin a birnin Madrid a 1887. Ya inganta shi, ya riƙa amfani da ƙwaƙwalwar ƴan tsuntsaye da jariran dabbobi, inda rassan ba su gama sarƙewa ba. Daga 1888 ya fara bayyana cewa kowace ƙwayar jijiya gashin kanta take ci: tana kusantar maƙwabciyarta ta miƙa mata saƙo, amma ba su haɗe ba.

Golgi ya ƙi. A ganinsa rassan jijiyoyi sun narke cikin juna sun zama raga ɗaya da ta game ƙwaƙwalwa, kuma yana ganin ta haka ne kaɗai za a fahimci yadda gani da ji da motsi ke aiki tare. Gaskiyar magana, babu ɗayansu da madubinsa zai iya raba gardamar. Madubi mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya biyu kusan nanomita 20 ce. Cajal ya hango ta ne daga tarin alamu, yawancin masana kuma suka bi shi.

A 1906 aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci tare, karo na farko da aka raba wannan kyauta tsakanin mutum biyu. A Stockholm, babban birnin Suwidin, suka fara haɗuwa ido da ido. Ranar 11 ga watan Disamba Golgi ya hau mumbari, jama'a na jiran ya ba da labarin rininsa, sai ya shafe jawabin yana sukar ra'ayin abokin rabonsa. Washegari Cajal ya yi nasa jawabin ya jera hujjojinsa. Ba su shirya ba har mutuwa. Duk da haka Cajal na cikin waɗanda suka tabbatar da cewa ragar cikin nan ta 1898 gaskiya ce, har ya ƙirƙiro nasa rinin na nuna ta.

A gida Golgi babban mutum ne. Ya shugabanci jami'ar Pavia daga 1893 zuwa 1896, ya sake daga 1901 zuwa 1909, an kuma naɗa shi sanata a 1900. Mutum ne maras yawan magana, mai riƙe matsayinsa. Ya yi shekaru yana adawa da kafa jami'a a Milan don gudun kada ta dushe tauraron Pavia, amma aka kafa ta a 1924 yana raye. A yaƙin duniya na farko, yana da shekara fiye da 70, ya jagoranci asibitin soja a Pavia, ya buɗe sashen kula da sojojin da rauni ya taɓa musu jijiya. Ya yi ritaya a 1918, kuma a Pavia aka binne shi.

Hukuncin madubin lantarki

Gani ya kori ji. A shekarun 1950 aka yawaita duba ƙwayoyin halitta da sabon madubi mai harba ilektiron a madadin haske, wanda ke nuna abin da ya fi na da ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1954 wasu masana biyu a Amurka, Albert Dalton da Marie Felix, suka fitar da hotunan ragar Golgi. Ga ta nan ƙuru-ƙuru: jakunkuna shimfiɗaɗɗu da aka jera bisa juna, da ƙananan jakunkuna zagaye da su. Musun shekara 56 ya ƙare.

A daidai wannan lokaci, Palade da Sanford Palay a New York, da kuma Eduardo De Robertis da Stanley Bennett a nasu ɓangaren, suka juya madubin kan mahaɗar jijiyoyi. Suka ga tazarar da Cajal ya faɗa, suka ga bakin jijiya cike da ƴan jakunkuna masu ɗauke da sinadarin saƙo. Idan saƙo ya iso, jakar kan manne da tantani ta fashe waje, ta zubar da abin da ke cikinta, ƙwaya ta gaba ta karɓa. Ragar da Golgi ya kare a Stockholm ta rushe, ko da yake daga baya an gano wasu ƴan wurare da ƙwayoyin jijiya ke haɗe da juna ta ƙananan kafofi. Inda ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani, lokaci ya ba shi gaskiya. Inda ya yi gaba da abin da madubinsa zai iya nunawa, a nan ya faɗi.

Yadda tashar ke aiki

Palade, wanda haifaffen Romaniya ne kuma ya taɓa musun abin, shi ne ya bayyana aikinsa. A shekarun 1960, shi da James Jamieson suka yi amfani da gaɓar cikin nan mai samar da ruwan narka abinci da insulin, wadda suka ɗebo daga ɓeran Masar. Suka sa wa sababbin furotin alama, suka bi su minti bayan minti. Da farko alamar na wurin da ake ƙera furotin, bayan ɗan lokaci ta koma ragar Golgi, daga nan ta shiga jakunkunan ajiya, a ƙarshe ta fita waje. Wannan aiki ya ba Palade kyautar Nobel a 1974, tare da Claude da Christian de Duve.

Wanda ya taɓa aika saƙo gida daga ci-rani ya san tsarin. Kaya kan iso tasha, a duba su, a ɗaure, a rubuta suna da gari a jikin buhu, a ɗora a motar da ta dace. Haka furotin ke shiga tashar Golgi ta fuska ɗaya ya fita ta ɗayar. A tsakani ana liƙa masa sarƙoƙin sukari iri-iri, a datse wasu, a sa masa alamar inda za shi: wajen ƙwaya, ko jikin tantaninta, ko sashen da ke narkar da shara. Bambancin rukunin jini na A da B da O ma daga irin sukarin da ake liƙawa a wannan tasha yake. Akwai wata cutar gado da ba ta da yawa, inda alamar sashen shara ba ta hawa, sai kayan su ɓace hanya su zube cikin jini, shara ta taru a ƙwayoyin yaro. Yawancin masu ita ba sa wuce ƙuruciya.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya jaka ke gane ƙofar da za ta sauke kaya? Randy Schekman na jami'ar Berkeley ya nemi amsar a jikin yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. A 1980 shi da Peter Novick suka lissafa ƙwayoyin gado 23 da idan ɗaya ta lalace kaya ke cunkushewa a hanya. James Rothman kuma, a jami'ar Stanford, ya niƙe ƙwayoyin halitta ya ware tashoshin Golgi, ya nuna cewa ko a cikin kwalbar gwaji suna miƙa wa juna kaya. Daga nan ya riƙa zaƙulo furotin ɗin da ke yin aikin ɗaya bayan ɗaya, har a 1993 ya kai ga rukunin da ake kira SNARE. Wani na jikin jaka, wasu na jikin ƙofa, idan suka dace sai su murɗe da juna kamar tufkar igiya, su jawo tantanin biyu har su haɗe. Thomas Südhof ya gano yadda sinadarin kalsiyam ke ba da umarnin sakin jakar a bakin jijiya. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2013.

Cututtukan da muka sani na amfani da wannan hanya. Dafin tetanos, mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, almakashi ne da ke datse ɗaya daga furotin ɗin SNARE a jijiyoyin da ke sassauta tsoka, kamar yadda masu bincike a birnin Padova na Italiya suka nuna a 1992. Dafin kwalara kuwa hanyar yake bi a juye, ya ratsa ta tashar Golgi zuwa can cikin ƙwayar hanji kafin ya sa ta zubar da ruwa.

Furotin da ake nomawa a tulu

A farkon wannan bincike, sai an nemo ƙwaƙwalwar shanu daga mahauta kafin a tace ɗan abin da za a yi gwaji da shi. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne dabarar dashen ƙwayar gado, wadda Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a Amurka a 1973. Akan ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, a dasa ta cikin bakteriya ko yis, a yi kiwonsu a manyan tuluna, su yi ta ƙera shi, sannan a tace.

Da irin wannan furotin ne ɗakin binciken Rothman ya yi gwajin da ya rufe magana a 1998, shekara 100 cif bayan jawabin Golgi a Pavia. Suka haɗa jakunkunan wucin gadi da kitse zalla, suka dasa musu SNARE da bakteriya ta ƙera, babu komai bayan wannan, jakunkunan kuma suka haɗe da juna. A yau ɗakunan bincike na sayen irin waɗannan furotin na ɗan Adam a ƴan kwalabe, har da dangin Rab, waɗanda suka haura 60 a jikin mutum kuma suke aiki kamar rubutun adireshi a jikin jaka. Mai bincike kan cire ɗaya ko ya sauya shi, ya ga inda kaya za su tsaya.

Dabarar ta daɗe da isowa kantin magani. A 1982 aka amince da insulin na ɗan Adam da bakteriya ta ƙera, a yau kuma kaso mai yawa na insulin da masu ciwon sukari ke amfani da shi yis ne ke fitar da shi ta hanyar tasharsa ta Golgi. Bakteriya ba ta da wannan tasha, shi ya sa magungunan da dole sai an liƙa musu sukari irin na jikin mutum ake ƙera su a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, abin da ke cikin dalilan tsadarsu. Alluran rigakafin zazzaɓin cizon sauro guda biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, su ma a cikin yis ake ƙera su, daga wani guntun furotin na ƙwayar cutar. Nijar ta fara yi wa yara wannan rigakafi a watan Satumban 2024, daga Gaya ta jihar Dosso.

A 1956, shekara biyu bayan hotunan Dalton da Felix, ƙauyen da aka haife shi ya sauya suna zuwa Corteno Golgi. Masu binciken ƙwaƙwalwa na amfani da baƙin rininsa har yanzu. Tashar da ke ɗauke da sunansa kuwa ba ta rabu da gardama ba. Wasu masana na cewa ƴan jakunkuna ne ke ɗaukar kaya daga wannan faifai zuwa na gaba, wasu na cewa faifan da kansa ke matsawa gaba da kayansa yana sauya kama, kuma ana ci gaba da gwaje-gwaje a kan maganar.